Muryata a Kusurwar Ɗakin Baba

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan babbar Sallah, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Muna ɗakin mahaifina a Furana mu huɗu: shi, da ƙanensa da muke kira Baffa, da ni, da wanzamin gidanmu wanda aka ɗauko daga Makarfi. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa.

Kiran gaggawa aka yi mini daga Kaduna, inda nake karanta labarai da gabatar da shirin manoma a gidan rediyo. Ba a faɗa mini dalili ba. Da muka gama gaisawa, wanzamin ya kwance zabirarsa, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera aska da wata 'yar ƙugiyar ƙarfe.

Na ce, "Wa za a yi wa aiki?"

Baba ya ce, "Kai. Beli za a cire maka."

Da maƙogwaron nan nake ci, kuma na taɓa ganin babban mutum da aka cire wa beli ya yi makonni yana magana ta hanci. Ran Litinin da safe ni ke da labarai.

"Baba, ai lafiyata ƙalau."

"Wata uku ke nan kana ɓoye mana. Ni na haife ka, na san muryarka."

"Amma kullum muna waya."

Baffa ya ce, "A waya daurewa kake yi, minti biyu ne. A rediyo ake gane ka. Zauna, yanzu za ka ji da kunnenka."

Ashe da gangan suka zaɓi lokacin, domin ƙarfe biyar ake maimaita shirina. Baba ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

Wata uku kafin nan, da na lura jinsa ya fara raguwa, na saya masa lasifika da za a jona wa rediyon. A wani ƙaton kanti na gwada ta, mai faɗi da dogon rufi, na zaɓi wadda ta fi girma. Direba na ba wa ya kawo, ko da Sallah aiki bai bar ni na zo ba, don haka ban taɓa jin ta a ɗakin ba. Ɗakin kuwa taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Inna ta ajiye ta inda ake ajiye duk abu mai daraja a gidanmu: can cikin kusurwa, bayan gado, manne da bango, ta lulluɓe ta da mayafi.

Sallamata ta fito, ban gane ta ba. Murya ce mai kauri, a kumbure, kamar ana magana daga cikin randa. Ƙarshen kalmomi ya ɓace, kowane numfashi yana gurnani, har kwanon sha da ke kan akwati yana rawa. Na saurari jimla uku a kan takin masara. Da ɗana ne na ji haka, ni ma sai na kira wanzami.

Wanzamin ya ɗauki ƙugiyarsa. "Mai rediyo, buɗe baki. Kafin ka ce wash na gama."

Na ce, "Baba, a ba ni izini in taɓa lasifikar nan tukuna."

Na cire mayafin, na jawo ta. A bayanta akwai rami, ta nan amo mai nauyi ke fita, kuma yana bukatar sarari. Idan aka matse ramin a kusurwa, bango biyu da ƙasa sai su tara amon su ninka shi, ya danne magana. An koya mana wannan a watana na farko a wurin aiki. Ranar da nake kanti bai faɗo mini a rai ba.

Na ɗora ta a kan kujera, kamu uku daga bango. Muryar ta washe a tsakiyar jimla.

Baba ya ce, "Mayar da ita."

Na mayar, ciwon ya dawo.

"Fito da ita."

Sau uku muka yi haka. Wanzamin ya ajiye ƙugiyar ya ce, "Alhaji, ai wannan baƙar lasifikar ce mai belin. A kama mini ita."

Baffa ya yi dariya, ni ban iya ba. Daga bakin ƙofa Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tun makon farko ta daina sauraron shirin. Da ta ji an kunna sai ta tafi maƙwabta, don kada ta yi kuka a gaban Baba.

Wanzamin ya yi wa Baba aski, ya yi mini, don kada zuwansa ya zama na banza. Ran Litinin na karanta labarai. Asabar ta gaba na kawo ƙaramar lasifika mai rami a gaba, na kafa mata katako a tsakiyar bango, babbar kuma aka kai ta zaure.