Sunana a Bakin Zabiya

Sharaɗi ɗaya mahaifina ya kafa mini ranar da ya yarda in wuce kolej a Damagaram. Ya ce duk ranar da ya ji sunana a bakin mutanen waje, a kasuwa ne ko a dandali, to karatu ya ƙare. Shekara uku ina kiyayewa. In na zo hutu Matameye, daga ɗakin Inna sai rijiya, daga rijiya sai ɗakin Inna. Saura mini shekara ɗaya in samu takardar da za ta sa in zama malamar lakwal, wato makarantar boko.

A hutun daminar da ta wuce abin ya faru. Baba ya tafi Ɗan Barto duba gonakin manoman da yake sayen gyaɗa a hannunsu. Da hantsi wani gardi, ɗan sandan bariki, ya yi sallama, ya ce kwamanda, Baturen mulki, na neman yarinyar nan mai jin Faransanci, don tafinta ya tafi Kance jana'iza. Inna ta leƙo riƙe da muciya. Wa zai ce wa bariki a'a? Ta ce in ja mayafina in je, in dawo kafin azahar.

Wani baƙon Bature na tarar, ya zo daga Yamai da akwati mai nauyi, a kansa faifai biyu na juyawa, siririn zare na tafiya daga wannan zuwa wancan. Ya ce akwatin murya yake kamawa. Ya ce a Turai za a yi gasar waƙa tsakanin ƙasashe, a nuna ta a talabijin, abin da ni ma a littafi kawai na san shi. Ƙasarmu ba ta taɓa shiga ba, wannan ne karon farko. Shi ya sa yake bin gari-gari yana ɗaukar muryoyi. Wadda ta fi za a fara sakawa a rediyo kowa ya ji, sannan a kai ta can.

An riga an kirawo zabiyar garinmu, wadda ba a biki ko suna sai da ita. Tana zaune a inuwar durumi da ƴan amshinta uku da ƙwaryarsu, mutane kuwa sun cika bakin shingen bariki suna kallo.

Bature ya ce in gaya mata ta yi wa ƙasa waƙa. Na gaya mata. Ta karkata kai ta ce, "Ita ƙasar ƴar wa ce? Wane ne ubanta?"

Da na mayar masa sai ya yi dariya, ya ce ƙasa ai ita ce gonaki da garuruwa da mutane gaba ɗaya. Zabiya ta ce ita tun da take ba ta taɓa yi wa abin da ba shi da uba da kaka waƙa ba. Waƙa sai da mai ita, mutum ya tsaya a gabanka ka hau sunansa, daga nan ka gangara zuwa iyayensa. Ta ce to bari ta yi wa kwamanda. Bature ya ce a'a, ba na Turawa yake so ba. Sarki kuwa yana da makaɗansa, ba za ta shiga gonarsu ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Bature ya dubi agogonsa, ya ce ta yi duk wadda ta ga dama, ya danna akwatin, ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit.

Zabiya ta waiga hagu, ta waiga dama. Ba kowa tsaye a gabanta sai ni.

Da ta ambaci sunana, ban ma gane ba sai da ƴan amshi suka maimaita. Daga ni ta hau sunan Baba, daga shi ta gangara ga kakana da ya riƙa kora jakuna da kanwa har Kano. Ta kira ni mai alƙalami, wadda Nasara ke jira ta buɗe baki. Na so in yi magana, yatsan Baturen na nan a sama. Bayan shinge na ga maza suna zungurin juna.

A nan na yi kuskuren da ko yarinyar goye ba za ta yi ba. Na cire ƴan kunnena na jefa mata a ƙwarya, nufina ga ladanki, ya isa haka. Na saba da kantin Damagaram, inda in ka miƙa aka miƙo maka an rabu ke nan. Tsoro ya mantar da ni cewa kyauta ga zabiya itace ne a wuta. Ƴan amshi suka rangaɗa guɗa. Ta ɗaga ƴan kunnen sama kowa ya gani, ta ƙara murya, sai ta shiga ɗakin Inna da waƙarta. Ta faɗi sunanta na yanka, sunan da ko Baba ba ya faɗa, matar da maƙwabta maza ba su san kamanninta ba. Kafin kyautar, ana iya cewa yi mini aka yi. Bayan kyautar, na karɓi waƙa, ta zama tawa.

Da ta gama, Bature ya mayar da zaren baya ya sake danna akwatin, sai ga muryarta ta fito daga ciki. Mutane suka ja da baya suna salati, sannan suka matso. Sunana da na Inna suka sake zaga barikin. Na roƙe shi da duk Faransancin da na iya ya goge. Ya ce in daina kunya, tun da ya baro Yamai bai samu kamar wannan ba, in yi murna sunana zai je Faransa. Ya rufe akwatinsa aka sa a mota kafin ruwa ya sauko.

Da na gaya wa Inna, zama ta yi a bakin murhu, tuwo na ƙonewa ba ta motsa ba. Ta ce mu yi shiru, ko Allah zai sa abin ya tsaya a bariki. Bai tsaya ba. Kwana uku tsakani na ji ƴan mata na amshin waƙar a rijiya, da suka hango ni suka ƙara murya. Gwaggo, yayar Baba, ta tafi wurin zabiyar ta roƙe ta ta bar waƙar. Ta dawo tana huci. Wai zabiya ta ce ita ta ɗauka yarinya ta ji daɗi, ba ga ƴan kunne ba? Wai kuma in aka kira ta Faransa da ni za ta, in ba haka ba wa zai yi mata tafinta.

Baba ya dawo ran kasuwa. Daga yadda ya ɗaure jakinsa na san ya ji tun a hanya. Ya ci abinci, ya yi alwala, ya tafi masallaci. Haka washegari, haka jibi. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa yana kallon carbinsa. Ranar komawa lakwal na matsowa, ban san ko in wanke kayana ko in bar su ba. Na wanke, na shanya a bayan rumbu inda ba zai gani ba.

Da safen ranar da kamyon Damagaram, babbar motar kaya, zai tashi ya aiko Gwaggo ta kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Ke kika ba ta ƴan kunnen?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Roƙonki ta yi?"

"A'a. So nake ta yi shiru."

Gwaggo ta ce, "To ka ji ƴar boko. Shekara uku ana karatu." Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Ya ce bakin matan Matameye zai iya jurewa, kaka na zuwa, za a yi bukukuwa a samu sabuwar waƙa a manta da wannan. Abin da ba zai jure ba shi ne rediyo. Alhazan Damagaram da yake kai wa gyaɗa suna da ita a kantunansu, a nan yake zama cikin maza. Ba zai zauna sunan matarsa ya fito daga akwati a gabansu ba, kuma a ce ƴarsa ce ta biya aka yi.

Ya ce, "Ki je. In waƙar ta mutu a hanya, ki gama shekararki. In ta fito a rediyo, kar ki jira in aiko. Ki ɗauro kayanki."

Wata biyu ke nan da dawowata. Madam, shugabar lakwal ɗinmu, ta sanar da mu cewa ƙasarmu za ta shiga gasar, ƴan mata suka yi ta tafi. Kullum gardama suke, ƴan Maraɗi su ce tasu za a zaɓa, ƴan Tawa su ce tasu. Ƙawata ta tambaye ni ko Matameye ba ta da mawaƙa ne, na ce ba mu da su. Duk Asabar da la'asar Madam na kunna mana rediyo a ɗakin cin abinci, ni kuwa kusa da ƙofa nake zama. Da na ji an fara kaɗa ƙwarya sai in riƙe benci har sai murya ta fito na ji ba ita ba ce.

Sauran ƴan mata na fatan ƙasarmu ta ci. Ni bayan kowace salla roƙo nake Allah ya sa Baturen nan ya haɗu da wadda ta fi zabiyarmu murya, ko a Tawa, ko a Dosso, ko ina ne. Ban sani ba ko irin wannan addu'a na da kyau. Jibi Asabar.