Fetur Zalla a Tankin Baba

Wata Alhamis ta damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, ina tsakar gida ina tsince ƙasa a gero sai ga amalanken shanu a ƙofar gidanmu da ke kusa da Ɗanzomo, babur ɗin Baba kwance a kai kamar akuyar da aka ɗaure. Baffa Sale, yayan Baba, yana biye a ƙasa, farar babbar rigarsa duk taɓo. Shi ya ari babur ɗin da safe zuwa kasuwar Maigatari.

Dogon babur ne mai tayoyi masu haƙora, Baba ya saye shi gwanjo a hannun wani malamin gona. Yashi ba ya riƙe shi, kwari ba ya tare shi, sai dai ba ya shan fetur zalla, dole a gauraya masa da baƙin mai. A duk gidan ni kaɗai Baba ya yarda in yi wannan haɗin, don yayyena maza gaggawa gare su. Bayan na share tsakar gida na ba tumaki dusa, sai in cika gwangwanin tumatir da baƙin mai, in juye a galan ɗin fetur, in girgiza har hannuna ya gaji, sannan in zuba ta mazurari. Baba yakan ce, "Idan ya yi yawa fulogi ya toshe, idan ya yi kaɗan inji ya buga. Hannun Uwata ne kawai daidai." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wallahi ko na ɗaya na zo a aji ba na jin daɗin da nake ji da wannan magana.

Bakaniken da aka kira ya tsoma yatsa a tanki, ya murza, ya ce injin ya buga, man nan ba maiƙo ko kaɗan. Baffa ko ɗar, ya nuna ni. "Ai ga shi nan, an bar wa yarinya aikin maza." Ni kuwa na san galan ɗaya na haɗa, ga tanki kusan cike bayan tafiyar yini. Na kuma san Baffa ya tsani hayaƙin babur ɗin, wai yana ɓata masa riga. Sai bakina ya suɓuce, na ce, "Baffa, ko kun ƙara fetur a hanya?"

Marin da Baba ya yi mini a gaban maƙwabta shi ne na farko a rayuwata. Ya ce ni na manta ban zuba baƙin mai ba, in durƙusa in ba Baffa haƙuri. Na durƙusa. Ko da aka gyara babur ɗin, ɗaya daga cikin yayyena aka ba aikin haɗin.

Sai da na yi aure na haihu, na je duba Baba a asibiti a Gumel, ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, tun ranar na san ba ke ba ce. To amma yayana ne, ya zan yi?" Na ce ba komai, Baba. Ƙarya na yi, da komai.

Baburan yanzu ba a yi musu haɗi, yarana ko irin hayaƙin ba su sani ba. Ina kewar safiyoyin nan da Baba ke tsaye yana jirana in gama girgiza galan. Na yafe masa marin tuntuni. Shekarun da ya yi shiru ya bar ni da laifin ne har yau na kasa haɗiyewa.