Ranar da Mai Aski Ya Hana Tantabarunsa Tashi

An daɗe ana yaɗawa a unguwa wai idan kasuwa ta yi wa Mai Aski sanyi, sai ya hau saman bene da injinsa ya riƙa yi wa tantabarunsa ƙwal-kwabo, don kada hannunsa ya mutu. Har akwai matar da ta rantse ta ga wani namijin tantabara an yi masa gyaran fuska. Ƙarya ce tsagwaronta, ko da yake mai daɗi ce. Abin da ke faruwa shi ne kowace shekara tantabara takan zubar da tsohon gashi ta fitar da sabo, nasa kuwa in suka fara, sai gashi ya bi iska ya sauka a shanyar mutane da kofin shayin maƙwabta.

Ba irin na yanka ba ne, masu alkafura ne. Sukan tashi garke guda, su yi sama har su koma kamar ƙudaje, sai ka ga sun kife da baya suna wulwulawa suna gangarowa. Kafin ka gama salati sun buɗe fiffike sun koma cikin 'yan'uwansu. Marigayi Baba ne ya fara kiwonsu a saman benen. Da ya rasu, keji ya faɗo hannun Mai Aski, domin duk cikin 'ya'yan shi kaɗai ya sha bulala a makaranta saboda kallon taga.

Shagonsa na nan ƙasan benen: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun yana saurayi, da madubi mai tsaga da ke raba wa mutum fuska biyu. Yana tsakar aski in ya ji tafin fiffike sai ya leƙa waje. Allah kaɗai ya san mutanen da suka jira shi da rabin kai.

A watannin tashi babu marowaci kamarsa. Gwangwanin madara ne ma'auninsa, ya cika da alkama da gero, ya shafe bakin da yatsa, ya kuma cire 'yan ƙwayoyi. "Ƙosasshiyar tantabara ba ta alkafura," in ji shi, "yawon banza take tafiya." Amma da gashi ya fara zuba sai ya zama attajiri: ga wake, ga riɗi, ga 'yar gyaɗa, ga dakakken ɓawon ƙwai, ga ruwan wanka a baho. Shekarar farko bayan Baba tausayi ya kwashe shi, ya ɗura musu gyaɗa ba awo. Ranar da ya sake su, daga keji suka yi tsalle zuwa kan tankin ruwa, suka jeru suna haki kamar tsofaffi a layin fansho. Tun daga nan ya san kyauta ma da iyakarta.

To, bana aka sayar da gidan. Za a rushe a gina shaguna, ƙarshen wata kowa ya kwashe nasa. Sai zancen ya faɗo daidai tsakiyar zubar gashi.

Ana gobe za a tashi daga gidan, dangi suka hau saman bene da yamma don sallama. Yaya Babba ta hau da ƙyar tana dafe da gwiwa, ta nemi bulon da take zama a kai tun tana budurwa. Auta ya saita waya zai ɗauki bidiyo. Akwai kuma ɗan gwaggonsu, wanda ba a gayyatarsa, ba a kuma rasa shi.

"Ɗan'uwa," in ji Yaya Babba, "sakar mana su sau ɗaya. Daga gobe ai sai labari."

Mai Aski ya matsa jikin tsuntsayen. Ya zura hannu a keji ya kamo wata baƙar tsohuwa, jikar jikokin na Baba, ya buɗe mata fiffike. Gashin ƙarshe na bakin fiffiken bai gama fitowa ba, yana cikin kubensa, gindin ya yi ja da jini.

"Yaya, da wannan take tsayar da kanta in ta juyo. Yanzu ko taɓa shi na yi sai ta zabura. In ta fara alkafura ta kasa tsayawa, a kan kwalta za mu tsince ta."

"Sau ɗaya tak, Yaya," in ji Auta. "Ko minti biyu."

Shi ma fa yana so, ya fi su duka so. Ya san a sabon gida sai an kulle su makonni sun saba, kuma ko sun tashi, ba bisa wannan rufin ba, ba bisa igiyar shanyar Inna ba, ba bisa katangar da Baba ke jingina yana fito da yatsu biyu a baki ba. Ya ɗora hannu kan sakatar ƙofar sama, wadda suke fita ta nan. Tantabarun suka ji ƙarar, suka miƙa wuya. Ya daɗe a haka, har Auta ya ce hannunsa ya gaji da riƙon waya.

Sai ya saki sakatar. Ya jawo baho ya tura cikin keji, ya cika da ruwa. Figaggun suka auka ciki suna facal-facal, ruwa na fallatsa wa kowa. Yaya Babba ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ruwan ne.

Ɗan gwaggo ya ɗauki gwangwanin, ya ɗebi gyaɗar tsuntsaye ya watsa a baki. "Kai jama'a! Mun hau bene kallon alkafura, an nuna mana wankan masu sanƙo. Malam, ka soya mana su kawai, ai sun riga sun fige kansu, sun rage maka aiki."

Mai Aski ya fizge gwangwanin daga hannunsa.

"Su nan da wata guda gashinsu ya dawo, su tashi. Kai naka ya zube tun shekara goma, kullum muna zuba maka hatsi, har yau ba gashi, ba tashi."