Ranar da Gwaggo Ta Amsa Tambayoyin Baftisma da Waƙar Niƙa

Ko na manta da komai a duniyar nan, ba zan manta da ranar da gwaggona ta zauna gaban dattawan majami'armu a Tawa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji alfahari ya cika mini ƙirji.

Gwaggo yayar babana ce. Da mijinta ya rasu na ɗauko ta daga wani ƙauye gaba da Barmu, ta dawo gidana. A nan ta ba da gaskiya ga Yesu, tana da shekara saba'in da ɗoriya, ta kuma ƙwallafa rai sai an yi mata baftisma. To mu ba mu yin baftisma sai sau ɗaya a shekara, bayan damina, kafin tabkin bayan gari ya ƙafe. Kafin a kai ka ruwa kuwa sai ka amsa tambayoyi goma sha biyu gaban fasto da dattawa. Mai tambayar wani tsohon malamin makaranta ne da muke ce wa mushe, mutumin kirki amma ga tsauri, kullum da littafin rubutunsa a hammata. Shekara biyu Gwaggo tana zama gabansa, kanta yana ɗaurewa, shi kuma yana cewa a bari sai baɗi.

A shekara ta uku tari ya kama ta, ta rame. Rannan ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗiyata, in tabkin ga ya ƙahe bana ban shiga ba, ba ni ganin wani." Na ce ta daina wannan magana, amma ni ma na san gaskiya ta faɗa.

Ni ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma in faɗi gaskiya, lokacin ina ji da kaina. A ganina waƙa ado ce kawai, abin da ake ɗumama majami'a da shi kafin wa'azi. Shi ya sa ban taɓa haɗa ta da matsalar Gwaggo ba. Karatu na dinga ɗura mata safe da yamma, in faɗa ta maimaita, gobe ya zube. Har tsawa na yi mata, Allah ya yafe mini.

Wata rana da hantsi na dawo daga kasuwa na same ta tana tsintar wake, tana rera waƙar niƙa ta ƙauyensu. Ta jero kakanni, ta jero rijiyoyin arewa ɗaya bayan ɗaya, baiti ya fi talatin, ko tuntuɓe babu. Na aje kwando na tsaya baki sake. Kai, wannan ne kan da muke cewa ba ya riƙe komai? A ranar na ɗora tambaya ta farko da amsarta a kan muryar waƙar. Kafin tuwo ya nuna ta riƙe uku. Sati biyu, ta haɗiye sha biyun duka. Sai dai a ɗaka muke yi, don mushe ya daɗe da hana muryoyin ƙauye a majami'a, wai suna ƙanshin bori. Na gargaɗe ta cewa in an je ta rera a zuci, ta faɗa da baki.

Ranar tambaya ta zo. Mu mata muna zaune a baya, mushe ya buɗe littafinsa ya ce, "Wa ya halicce ki?" Gwaggo ta dube ni. Ya maimaita. Can sai na ga hannayenta sun fara kai da komo a kan gwiwa, kamar mai tura ɗan dutsen niƙa. Sai murya ta fito, siririya, ta rera amsar daidai, ba ragi.

Mushe ya ɗaga hannu. "Baba, hwaɗi anka ce ki yi, ba waƙa ba. Ko aku ya iya maimaici."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Fasto ya yi mini alama in zauna, ya jawo kujerarsa kusa da ita. Ya ce, "Gwaggo, bari in tambaye ki abin da ba shi cikin takarda. Mi ya sa kike son baftisma?"

Wannan ban koya mata ba, na sadda kai ƙasa na ce shi ke nan. Sai na ji ta ɗauko muryar nan dai, da kalmomin da ban taɓa ji ba:

"Na niƙa ma miji, na niƙa ma ɗiya,
Ba wanda ya ce mini kin gaji.
Yesu ya ce aje dutsen, taho,
Laihinki ma ni na ɗauka."

Ban san wadda ta fara amshi ba, sai dai na ji dukanmu mun ɗauka, wasu na kuka. Daga nan mushe ya ci gaba da tambayoyinsa har sha biyu, tana rerawa yana gyaɗa kai, ya rufe littafin ya ce a rubuta sunanta.

Ran Lahadi muka tafi tabki muna rera baitin Gwaggo. Makiyayan da ke shayar da dabbobi suka janye shanunsu gefe suka ba mu wuri, wani dattijo cikinsu har yana cewa da wannan muryar uwarsa take niƙa. Da fasto ya ɗago ta daga ruwa, ni na yafa mata zane, na rangaɗa guɗar da ban taɓa yin irinta ba.

Gwaggo ba ta ga damina ta gaba ba. Bayan mun binne ta, mushe da kansa ya zo gidana da littafinsa, ya ce in rera masa baitin nan a hankali ya rubuta. Yau duk tsohuwar da karatu ya gagara, wurina ake turo ta.

Abin da na koya shi ne waƙa a sujada ba ado ba ce. Da ita Maganar Allah ke shiga zuciyar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, da ita kuma yake mayar wa Allah amsa da bakinsa. Shekara ashirin ina ba da waƙa ban san amfaninta ba, sai da tsohuwar da na yi wa tsawa ta koya mini.