Kwalbar Ramatu ta je Barmu

Mun tashi da asuba daga Tawa mu huɗu: ni, da ɗana Isuhu, da ɗiyarsa Ramatu, da direban da ban yarda da idonsa ba sai da na ga ya sha shayi. Ramatu karatu take a bakin teku, can Senegal, ta zo hutu da wata kwalba cike da rairayi. Wannan kwalba ce ta ɗaga mu. Wata maƙwabciyarmu ta baza magana har ta kai Barmu, garin dangin mijina, cewa yarinya ta shiga harkar 'yan ruwa, da ƙasar teku take duba. Ƙanen mijina marigayi, Alhaji Mamman, wanda shi ne babban gida yanzu, ya aiko cewa ba ta komawa Senegal. Isuhu kuwa ba ya iya ɗaga kai gabansa.

Hanya ba laifi har muka bar kwalta, daga nan sai ƙugu ya gane kurensa. An gama girbi, shanu sun bazu cikin gonaki suna cin kara. Mun tsaya na taya cuku wurin wata Buzuwa. Ya yi tsada, amma na ƙwanƙwasa shi na ji ya bushe, na saya.

Alhaji ya tarbe mu da hura mai sanyi da fuska mai zahi.

"Yaya, ke ma kin bi ta? Mun kai ta lakwal karatun boko ta zama likita, ta dawo mana da aljanu cikin kwalba."

"Kai da ko kwaɗo ke sa ka gudu, ina ka san aljanun ruwa? Ramatu, nuna mishi."

Ta kunna salula, ta nuna mishi bidiyon abin da take nazari cikin irin rairayin kwalbar. Wata tsutsa ce siririya kamar zare, fara fat, tana murɗawa cikin rairayi. Ta ce farin ba jikinta ba ne, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka lulluɓe ta kamar riga. Tsutsar takan nutsa da su ƙasa, inda laka ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, su sami abincinsu, sannan ta hau da su sama su sha iska. Ita kuma da su take rayuwa.

Alhaji ya taɓe baki. Ni tun Tawa na sa ta maimaita mini har na gane, don ba ni kare abin da ban bincika ba. Na ce, "Da damina ina shanunka ke tahiya?"

"Arewa, lasar gishiri."

"Da rani fa?"

"Su gangaro."

"Wa ke shan nonon?"

Ya karɓi salular ya matso da ita har hanci. Can ya ce, "Wato makiyayiya ce. To, garken ba ya watse mata?" Ramatu ta ce abin da take son ganewa ke nan.

"Koma ki gano. In kin gano ki gaya mini, nawa shanun sun ishe ni."

Mun iso Tawa kafin magariba. Abin da na ƙaru da shi: mutanenmu ba taurin kai gare su ba, ba a nuna musu ne, sai mai tsegumi ya riga ka isa. Washegari da safe na yafa mayafina, na ɗauki kwalbar da salular da Ramatu, na nufi gidan maƙwabciyar da ta fara maganar. Na ce ta shimfiɗa tabarma, za mu daɗe.