Ummi Ta Zube a Shagon Tela

'Yan uwa, yau na ga tashin hankali a kasuwar Wuse! Muna shagon tela ni da 'yata Ummi, sai ta ce, "Mama, jiri nake ji." Kafin in juyo ta zube ƙasa! Wata mata ta ce aljanu ne, ta hau tofi. Tela ya yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo, muka ruga asibiti.

Likita ta ce, "Yaushe rabonki da abinci?" Ummi ta ce tun shekaranjiya. Ashe rigar ankon bikin yayarta ce ta matse ta, shi ne take zama da yunwa wai ta rame!

Na ce, "Ke! Riga ake buɗawa, ba mutum ake ragewa ba!"

Yanzu haka ga ta nan, ta cinye tuwonta tana hararar nawa.