Kaza da 'Ya'yanta a Kwamfutar Farfesa

Kawuna, wan mahaifiyata, mai ɗaukar hoton fasfo ne. Shekara talatin da ɗoriya yana cikin wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, daga farin labule sai kujera mai ƙafa uku. Ba shi da yawan magana. Matarsa takan ce in ka ji ya yi dogon zance, to da kyamara yake yi.

Da ciniki ya ja baya, sai ya ɗaga kyamarar sama. Taurari yake so ya ɗauka. Amma duk sanda ya danna maɓalli sai hannunsa ya girgiza ta, taurarin su fito kamar tsutsotsi.

Yana da amini tun na ƙuruciya, malamin makaranta, ana masa laƙabi da Farfesa. Shi ya ce masa, "Ka haɗa ta da kwamfuta mana, ita ta riƙa dannawa. Ga tawa can a ajiye."

Faɗa da baki ba wuya. Wayar da ta zo da kyamarar ba ta kai kamu uku ba, shi kuwa daga rufin bene zuwa ɗaki yake bukata. Ya samo doguwa, kwamfuta ta ƙi ganin kyamarar. Ya yanka, ya ƙara, ya liƙe da dalma, har ya ƙona yatsa. Wata huɗu yana fama. Ranar da ta yi, da rana tsaka ya gwada ɗaukar hoton eriyar maƙwabci, ya kira matarsa daga kicin ta zo ta gani.

"Eriya ce fa," in ji ta.

"Duba dai da kyau. Ko motsi babu."

Daga nan ya sa wa taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta ido. Shekara biyu yana ɗaukarsu, hoto ɗari bisa ɗari, yana ɗora wani kan wani a kwamfuta, har suka fito tas, da wani shuɗin hayaƙi kewaye da su wanda ido ba ya gani. Farfesa ne mutum na farko da ya nuna wa. Bayan mako guda Farfesa ya zo ya ce zai karɓi kwamfutar nan tasa na kwana biyu, zai shigar da sakamakon jarrabawa.

Kwana biyu suka zama wata uku. Ni na fara ganin hoton, a zauren ɗakin karatu inda ake baje kolin hotunan kimiyya. An buga shi ya kai girman ƙofa, an ba shi na ɗaya, ga sunan Farfesa a ƙasa.

Washegari na raka Kawu. Ya daɗe a tsaye gaban hoton, hannuwa a baya. Farfesa ya baro masu taya shi murna ya iso yana murmushi.

"Da ma ina shirin gaya maka."

"Ina sunana?"

"Haba, ni da kai ai duk ɗaya ne. Kuma in gaskiya za a bi, kwamfutar wa ta ɗauka? Kai ko maɓalli ba ka danna ba."

Kawu ya dube shi. "Haka ne," ya ce, ya juya.

Na so mu kai ƙara wurin masu shirya bikin, amma asalin hotunan duk suna cikin kwamfutar, ba mu da shaida. A hanya abu ɗaya kawai ya faɗa: "Shi ya riƙe ni ranar da kakarka ta rasu."

Yanzu shekara shida ba su gaisa ba. Na ba shi tsohuwar kwamfutata, ya sa mata lambar sirri da kansa, ya koma hawa rufin bene duk da ciwon gwiwa. Matarsa ta ce hotunan yanzu sun fi na da kyau, don ta taɓa leƙawa ta bayansa. Ni dai in na shiga ɗakin, sai ya rufe kwamfutar kafin ya amsa gaisuwata.